Yadda za ka zana ayisi naka a Kumasi, a ƙera maka shi a silikon

Duk wanda ya zauna a teburin gyaran waya ya san inda hannunsa yake tsayawa. Za ka canza sikirin, ka canza bakin caji, ka ja jamfa inda layi ya yanke, ka ɗaga ayisi, wato ɗan baƙin ƙwanson da'irar lantarki da ke manne a allon waya, da bulowa ka dasa wani. Abin da ke cikin baƙin ƙwanson nan kuwa sai dai ka karɓe shi yadda aka kawo shi, ba ka da ta cewa. Ni gyaran waya nake yi a wajajen PZ a Adum, ina kwana a Aboabo, kuma na daɗe ina ɗauka cewa ƙera ayisi aikin manyan kamfanoni ne kaɗai. Yanzu mutum ɗaya mai tsohuwar laftof zai iya zana nasa, ya tura zanen ta intanet, masana'anta a Amurka ko Jamus ta ƙera shi, a aiko masa ya riƙe a hannunsa. Na bi hanyar tare da wasu 'yan'uwa a nan zango, shi ya sa nake so in shimfiɗa ta ga ƙannena masu sha'awa.

Tun farko ka cire ranka daga tunanin za ka ƙera ayisin waya ko wani abin sayarwa. Abin da za ka samu ɗan ƙaramin da'ira ne wanda kai ka tsara shi, mai ƙirga wani abu, ko kunna fitilu bi da bi, ko fitar da sauti. Ribar tana cikin ilimin da za ka kwasa a hanya, kuma ilimi ne mai tsada wanda a da sai ka shiga babban kamfani kafin ka taɓa shi.

Hanyoyi biyu ne, ɗaya ba tamu ba ce

Akwai masu ƙera ayisin da hannunsu a gida. Wanda ya fi suna a ciki shi ne Sam Zeloof, wani matashi a jihar New Jersey ta Amurka, wanda ya tara tsofaffin injina a garejin iyayensa. A 2018 ya fitar da ayisi mai taransisto 6, a 2021 ya kai 1,200 a kan guntun silikon ɗaya. In ka tuna cewa Intel 4004 na shekarar 1971 taransisto 2,300 gare shi, za ka gane yaron ya yi abin a yaba. Amma ina roƙonka ka kalli bidiyonsa ka tsaya a nan. Aikin yana buƙatar tanda mai zafin kusan digiri 1,000, da sinadarai masu kisa, musamman wani asid da ake kira HF. Wannan asid in ya taɓa fata ba lallai ka ji zafi nan take ba, sai ya ratsa ciki ya kama kalsiyam na jiki, yana iya tsayar da zuciya. Mu da muke zaune a gidan haya, tsakar gida ɗaya, yara suna yawo, ruwan wanki yana bin kwata ɗaya, ba mu da inda za mu ajiye irin wannan abu, ba mu da inda za mu zubar da shi. Ban yarda wani yarona ya gwada ba, kai ma ban ba ka shawara ba.

Hanya ta biyu ita ce kai ka yi zane, masana'anta ta yi ƙira. Abin da ya sa ƙira take da tsada shi ne maski, wato faifan gilashin da ake haska zanen ta cikinsa zuwa kan silikon. Kowane hawa na ayisin da nasa maskin, kuma kuɗinsu ɗaya ne ko ayisi goma za ka fitar ko miliyan. Dabarar da aka samo irin ta watanda ce: mutum ɗaya ba zai iya sayen sa ba, sai a haɗa kuɗi a yanka, kowa ya ɗauki kashinsa. Mutane da yawa suna zuba zanensu a maski ɗaya su raba kuɗin. Dabarar ta tsufa, Lynn Conway ta gwada ta da ɗaliban jami'o'in Amurka tun 1979. Abin da ya tsare ƙofa shi ne sirri. Kowace masana'anta tana da kundin dokokinta da ake kira PDK, wanda yake bayyana faɗin waya, tazarar da za a bari, da yadda taransistonta yake aiki, kuma ba a ba ka shi sai ka sa hannu a takardar rufe baki. A 2020 Google da masana'antar SkyWater ta jihar Minnesota suka saki PDK na fasahar nanomita 130 kyauta ga kowa. A 2022 Matt Venn ya fara Tiny Tapeout, shirin da yake tara zanen mutane da yawa a ayisi ɗaya, ya sake yanka kashin ƙanana-ƙanana har ya zo daidai aljihun irinmu. Kamfanin Efabless da yake kai musu zane masana'anta ya rufe a farkon 2025, amma aikin bai mutu ba, sun ci gaba da cibiyar IHP ta Jamus da wasu hanyoyin.

Kashin da za ka saya ana kiransa tayil. A fasahar SkyWater girmansa kusan maikuromita 160 ne da 100, ka jera shida a tsawonsu ba su cika milimita ɗaya ba. Yana ɗaukar ƙofofin lojik kusan 1,000, wato ƙananan da'irori masu karɓar 0 da 1 su fitar da amsa. Za a ba ka ƙafafu 8 na shiga, 8 na fita, 8 masu iya yin duka biyun, sai ƙafar agogo, wato bugun da da'ira take tafiya da shi, da ta riset mai mayar da ita farko. Iyakar gonarka ke nan.

Kayan aiki ba su da yawa: laftof ko wace iri ce muddin burauza tana buɗewa, data, da akawun na GitHub, shafin ajiye manhaja a intanet, wanda kyauta ne. Aikin mai nauyi kwamfutocin GitHub ne za su yi maka. Kana iya sauke manhajojin a laftof ɗinka, amma gigabait ne masu yawa, kuma a karon farko ban ga dalilin ƙona data a kansu ba.

Zaɓi abin da za ka iya riƙewa duka a kanka

A nan yawancin mutane suke ɓata. Wani ɗalibin jami'ar KNUST ta nan Kumasi da yake zuwa shagona ya ce shi furosesa zai zana, mai gudanar da manhaja. Ana yi, akwai waɗanda suka cusa ƙananan furosesa a tayil. Amma na ce masa, ɗan'uwa, fara da abin da in na tashe ka daga barci za ka iya faɗa mini aikin kowace waya a cikinsa. Mu abin da muka zana carbi ne na lantarki, kuma da shi zan yi maka misali har ƙarshe.

Aikinsa: makunni ɗaya kake dannawa. Yana ƙirga 33 na tasbihi, ya wuce zagaye na biyu ya ƙirga 33 na tahmidi, sannan 34 na kabbara, ɗari ta cika ya koma farko. Allon gwajin da ake aikowa da ayisin yana da gilashin lamba guda ɗaya mai sanduna bakwai, sai muka sa shi ya nuna zagayen da kake, 1 ko 2 ko 3, ɗigon da ke gefensa ya haska in zagaye ya cika. Ƙirgen kansa muka fitar da shi ta ƙafafun nan masu aiki biyu zuwa ƙananan fitilu.

Kafin ka taɓa laftof ɗauki biro da takarda ka ƙirga abin da da'irar za ta riƙa tunawa. Abin da yake riƙe bit ɗaya, wato 0 ko 1, ana kiransa filif-filof, kuma shi ne mai cin fili: a fasahar SkyWater guda ɗaya yana cin wurin ƙofar NAND kusan biyar. Ƙirga har 34 yana buƙatar bit 6, domin 5 iyakarsu 31. Zagaye uku bit 2. Takwas ke nan. Saura na makunni, kuma makunnin nan ya fi ƙirgen wahala.

Makunni ƙarfe ne yake haɗuwa da ƙarfe. In ka danna, ba ya haɗuwa sau ɗaya ya zauna, yana rawa, ya haɗu ya rabu sau da yawa cikin 'yan milisakan kafin ya natsu. Kai yatsanka sau ɗaya ya danna, ayisi kuwa ya ga danna biyar ko goma, sai carbinka ya tsallake daga 7 zuwa 15. Maganinsa ka sa da'ira ta jira: kada ta yarda an danna sai ta ga ƙafar ta tsaya a hali ɗaya na milisakan 10. Jiran nan shi ma ƙirge ne, kuma a nan ne saurin agogo yake shigowa. In agogonka yana bugawa miliyan 10 a sakan, milisakan 10 bugu 100,000 ne, sai ka kashe filif-filof 17 a jira kawai. In ka rage shi zuwa 1,000 a sakan, bugu 10 ne, filif-filof 4 sun isa. Allon gwaji yana barinka ka zaɓi saurin, kuma yatsan ɗan Adam bai kai saurin da zai buƙaci miliyan ba. Ka zaɓi 1,000.

Akwai wani abu kuma. Yatsanka bai san da agogo ba, yana iya dannawa daidai lokacin da agogo yake bugawa, filif-filof ya rasa ko 0 zai kama ko 1, ya yi ɗan jinkiri a tsakiya. Saboda haka duk siginar da ta fito daga waje ka bi da ita ta filif-filof biyu a jere kafin ta shiga cikin da'ira. Kada ka yi rowar waɗannan biyun. Duka-duka carbin bai kai filif-filof 20 ba, tayil ɗaya ya ishe shi har da ragowa mai yawa.

Da linzami ko da rubutu

Hanyar zane biyu ce. Ta farko Wokwi, shafin da Uri Shaked ya gina, inda kake jawo ƙofofin AND da OR da filif-filof da linzami kana haɗa su da waya a kan sikirin. Akwai samfurin Tiny Tapeout a ciki, da makunnai da gilashin lamba a shirye, kana danna maɓallin farawa ka ga abin yana aiki. Mai gyara da ya saba karanta zanen allon waya zai ji kamar a gida yake. Ka fara a nan ko da mako ɗaya ne, ka haɗa mai ƙirga bit 2 da hannunka ka ga yadda lamba take hawa.

Amma da zane ya girma wayoyi za su cakuɗe, shi ya sa ake rubutawa da Verilog. Yaren bayyana da'ira ne, kuma ga abin da yake rikita waɗanda suka fara da Python ko Arduino: a can layi yana gudana bayan layi, a nan duk abin da ka rubuta waya ce da ƙofa, dukkansu suna aiki lokaci guda. Duk layin da ka rubuta ka tambayi kanka, wannan wane ƙarfe zai zama? In ba ka da amsa, kada ka wuce shi.

Ka shiga GitHub ka kwafi samfurin Verilog na Tiny Tapeout, ka tabbata na zagayen da za ka shiga ne, domin na SkyWater da na IHP ba ɗaya ba ne. A ciki za ka ga sunayen ƙafafun: ui_in masu shiga, uo_out masu fita, uio masu aiki biyu tare da uio_oe da yake faɗin wacce ce fita wacce ce shiga, sai clk da rst_n. Sunan babban modul ɗinka dole ya fara da tt_um_, kuma ka sa sunanka na GitHub a ciki don kada ya yi karo da na wani. Duk ƙafar fita da ba ka amfani da ita ka ɗaure ta a 0, kada ka bar ta tana lilo. Fayil ɗin info.yaml kuma nan za ka rubuta sunan aikin, saurin agogo, yawan tayil, da aikin kowace ƙafa.

Gwaji shi ne aikin

Wannan sashen shi ya sa na zauna rubuta duk wannan. Mu masu gyara mun taso da wata ɗabi'a: haɗa, kunna, in bai yi ba ka sa mita ka nemo, ka ja jamfa. Hannunmu ya saba da cewa kullum akwai gyara a gaba. A ayisi babu. Ranar da aka rufe karɓar zane bakin alƙalami ya bushe. Wayoyin suna binne a ƙarƙashin gilashi, sirantarsu ta fi ƙarfin madubin da ke teburinka, ba bulowa ba dalma da za ta kai gare su. In ka juya ƙofa ɗaya, za ka jira wata da watanni a kawo maka kuskurenka a cikin kwali mai kyau. Saboda haka in zane ya ɗauke ka mako ɗaya, ba gwaji mako uku.

A cikin samfurin akwai jakar test. Gwajin ana rubuta shi da Python ta hanyar cocotb, Icarus Verilog yana kwaikwayon da'irar, GTKWave kuma yana nuna maka siginoni layi-layi kamar a osiloskof. Gwajin da ya zo da samfurin na misalinsu ne, ka goge ka rubuta naka. Ga irin tambayoyin da muka yi wa carbi. In an danna sau 33, zagaye ya koma 2, ƙirge ya koma 0? In an danna 32 kawai, ya tsaya bai tsallaka ba? A zagaye na uku ya jira har 34? Bayan ɗari ya dawo 1? In mutum ya danne makunni ya ƙi saki, sau ɗaya ya ƙirga? In aka yi riset a tsakiyar zagaye na biyu fa? Sannan muka rubuta gwaji mai kwaikwayon rawar makunni, yana jefa 0 da 1 barkatai na ɗan lokaci kafin ya tsaya, muka duba ƙirgen ya hau da ɗaya tak.

Yarona na shago ya gama nasa gwajin ya ce, "Masta, duk sun wuce." Na ce masa ya koma cikin Verilog ya canza 33 zuwa 32 da gangan ya sake gudanarwa. In gwajin bai kama wannan ba, to ba ya kallon komai. Ka riƙa yin haka: ɓata zanenka da hannunka wuri-wuri ka ga ko gwajin zai yi ihu. Kuma ka ba wani ɗan'uwa zanen ya nemi hanyar karya shi, domin kai da ka zana, hanyar da ka yi niyya kawai idonka yake bi.

Riset yana buƙatar magana tasa. In aka ba ayisi wuta, kowane filif-filof yana tashi a halin da ya ga dama, wani 0 wani 1. Carbinka yana iya farkawa a 51, lambar da ba ta cikin lissafinka ko kaɗan. A Verilog ana iya rubuta ƙimar farko, kwaikwayo zai karɓa, allon FPGA, wato mai ayisin da ake loda masa zane a goge a sake, shi ma zai karɓa, amma silikon bai san da ita ba. Dole kowane filif-filof mai muhimmanci ya koma inda ka sani in an taɓa rst_n, kuma ka lura harafin n ɗin nan yana nufin 0 ne yake yin riset, 1 ne aiki. In ka buɗe GTKWave ka ga layi ya yi ja da alamar x bayan riset, wannan wurin ba a san halinsa ba, kada ka wuce sai ya warware. Ka kuma tsara ƙirgen yadda in ya tsinci kansa a lambar da ta wuce iyaka zai koma 0, wato ka ce "in ya kai ko ya wuce" maimakon "in ya yi daidai".

Wani tarko shi ne laci. In ka rubuta sharaɗi ba ka faɗi abin da zai faru a ɗaya ɓangaren ba, manhajar za ta ɗauka kana so a riƙe tsohuwar ƙima, ta dasa maka abin riƙewa da ba ka nema ba. A wurin fassara lamba zuwa sanduna bakwai aka fi faɗawa ciki, domin zagaye uku ne amma bit 2 suna da hali huɗu. Ka ba hali na huɗun amsa.

In kana da halin sayen ƙaramin allon FPGA irin Tang Nano ko mai iCE40, ka loda zanen ka danna makunni na gaske. Yana da amfani sosai wajen ganin ko jiran milisakan 10 ya isa. Ka dai tuna shi yana tashi da komai a 0, zai rufa wa matsalar riset asiri.

Daga rubutu zuwa zanen maski

Duk sanda ka tura canji GitHub, aiki yana tashi da kansa. Yosys yana mayar da Verilog ɗinka ƙofofi na gaske daga kundin masana'anta. OpenROAD yana jera su a cikin tayil, ya raba agogo, ya ja wayoyi hawa-hawa. Magic da KLayout suna duba ko an keta dokar tazara, Netgen yana gwada ko zanen ƙarshe ya yi daidai da da'irar da aka nufa. OpenLane, wanda yanzu ya ci gaba da sunan LibreLane, shi yake ɗaure su duka. Bayan 'yan mintuna za ka samu fayil ɗin GDS, shi ne abin da masana'anta take karɓa.

Kada ka tsaya a ganin koriyar alama. Buɗe rahoton ka karanta. Duba kashi nawa na tayil ka cinye. Duba yawan filif-filof, in kai ka ƙirga 16 a takarda rahoto ya ce 9, Yosys ya ga wani ɓangare ba ya kaiwa ko'ina ya share shi, kuma wannan alama ce ka manta haɗa wani abu. Duba ko akwai laci. A agogo mai bugu 1,000 matsalar lokaci da wuya ta taso, amma ka duba kada a ga lamba mai alamar ragi a sashen lokaci na rahoton. Akwai kuma gwajin matakin ƙofofi, inda ake maimaita gwajinka a kan ainihin ƙofofin da aka jera. Shi ne mafi kusa da silikon, in ya faɗi alhali na farko ya wuce, yawanci riset ne.

Sannan ka buɗe hoton nan mai juyawa da suke ba ka. Za ka ga layuka a jere, ƙofofin sun taru a wani lungu, sauran filin an cike shi da ƙwayoyin ciko, wayoyin ƙarfe sun hau kan juna wasu a tsaye wasu a kwance, manyan sandunan wuta sun ratsa ta sama. Na ɓoye hawa ɗaya bayan ɗaya har na iso kan taransiston da ke riƙe bit na farko na ƙirge. Shekara da shekaru ina ɗaga ayisi da hantsaki, ranar ce na fara sanin abin da yake cikin guda ɗaya tun daga ƙasa har sama.

Ka cika fayil ɗin bayani da ke jakar docs, yadda abin yake aiki da yadda za a gwada shi. Zanenka a buɗe yake ga kowa, sharaɗin shiga ke nan, kuma bayanin zai shiga littafin da ake haɗa wa ayisin. Kai ma bayan wata takwas ba za ka tuna wace ƙafa ce makunni ba.

Kuɗi, jira, da isowa

Farashi yana canzawa daga zagaye zuwa zagaye, ka duba shafinsu. A dunƙule, tayil kaɗai dala gommai ne, in ka haɗa da ayisi da allon gwaji ya shiga ɗaruruwa kaɗan, ban da kuɗin aikowa da abin da kwastan za su nema. A sidi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ga inda sauƙin yake: kowane ayisi da aka ƙera yana ɗauke da zanen duk waɗanda suka shiga zagayen, ɗaruruwa, kana zaɓar wanda kake so ya yi aiki. Don haka ku haɗu ku biyar ko shida, kowa ya sayi tayil nasa, ku sayi allo ɗaya ko biyu na tarayya. Biya da katin banki ake yi, MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, ba ya shiga kai tsaye, sai ku tara wa mai katin da yake biyan dala, kuma ya tambayi bankinsa iyakar da aka sa masa tun kafin ranar. Ku karanta sharuɗɗan zagayen da kyau, ba duka suke ɗaya ba.

Ranar rufewa akan rubuta ta da UTC, wanda shi ne agogonmu na Ghana duk shekara. Kada ka jira ranar. Dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, ba ya sallama, intanet ma yana iya yankewa. Da zarar komai ya yi kore ka miƙa, domin kana iya sake miƙa sabon gyara har zuwa rufewa. Ka lura, tura canji GitHub kaɗai bai wadatar ba, sai ka koma shafin miƙawa ka sake miƙa sabon, in ba haka ba tsohon ne zai tafi. A adireshi ka sa lambar GhanaPost GPS da lambar wayar da kullum take kunne, in da hali ka yi amfani da adireshin shago ko ofis da yake bakin titi, don mai kawo saƙo ba zai gane lungunanmu ba.

Jira daga wata shida ne har shekara, wani lokaci ya wuce. Ka yi amfani da shi ka karanta zanen wasu, tunda duk a buɗe suke.

In kwalin ya iso, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe, taɓa ƙarfen da yake ƙasa kafin ka taɓa allon, ka riƙe shi ta gefe, domin tartsatsin jiki yana kashe ayisi. Allon yana da ɗan kwamfuta na Raspberry Pi, irin RP2040, shi yake zaɓar zane ya ba da agogo. Haɗa shi da USB, buɗe shafin Commander a Chrome. Fara da zanen gwajin masana'anta da ke ciki don ka tabbata allon lafiya yake, sannan ka zaɓi lambar naka, ka sa agogo a 1,000, ka yi riset. Gilashin ya nuna 1. Gwada da ƙananan makunnan da ke kan allon tukuna. In za ka haɗa makunni na waje, sa rizisto na 10k ya ja ƙafar zuwa ƙasa, ka kuma sa allon a yanayin shigarwa da hannu don kada ɗan kwamfutan ya riƙa tura tasa siginar a ƙafa ɗaya da kai. Ƙafafun bolt 3.3 suke ɗauka, kada 5 ta kusance su, kuma ƙarfinsu na ƙaramar fitila ne da rizisto. In kana son ƙararrawa ko ɗan injin girgiza ya sanar da cikar 33, sa taransisto a tsakani ya ɗauki nauyin.